Pierre de Fermat: Alƙalin da lambar 4,294,967,297 ta warware wa hukunci

A shekarar 1732, a birnin St. Petersburg na ƙasar Rasha, wani matashi ɗan shekara 25 mai suna Leonhard Euler ya ɗauki lambar 4,294,967,297 ya raba ta da 641. Ta rabu daidai, babu saura, amsa ta fito 6,700,417. Lissafi ne da ɗalibin sakandare zai iya gamawa a bayan takarda cikin 'yan mintuna, amma shi ne ya rushe wata magana da ta yi shekara 92 tana yawo a tsakanin masana ba wanda ya iya ƙaryata ta. Mai maganar kuwa a lokacin ya cika shekara 67 da rasuwa. Sunansa Pierre de Fermat, alƙali ne a kudancin Faransa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana aikin hukuma da rana, ya kuma bar wa duniya tambayoyin lissafi da suka hana manyan masana barci har ƙarni uku da rabi.

Asalinsa da shigarsa aikin hukuma

An haifi Fermat a farkon ƙarni na 17 a wani ƙaramin gari da ake kira Beaumont-de-Lomagne, a kudu maso yammacin Faransa. Mahaifinsa, Dominique Fermat, attajiri ne mai cinikin fata, kuma yana daga cikin waɗanda suka riƙe shugabancin garin. Ɗan ya karanta ilimin shari'a a jami'ar Orléans, ya kuma zauna na ɗan lokaci a Bordeaux, inda ya yi cuɗanya da masu sha'awar lissafi har ya fara ƙoƙarin sake gina wani littafin Apollonius, masanin Girka na dā, wanda asalinsa ya ɓace.

A Faransa ta wancan zamani muƙaman shari'a sayen su ake yi da kuɗi, kuma doka ta yarda da haka. Fermat ya sayi kujerar mashawarci a Parlement na birnin Toulouse, aka rantsar da shi a watan Mayun 1631. Duk da sunan da take ɗauke da shi, Parlement ɗin babbar kotu ce mai sauraren ɗaukaka ƙara daga yanki mai faɗi. Muƙamin ne ya ba shi damar ƙara harafin girmamawa na "de" a gaban sunan gidansu. A wannan shekarar ya auri Louise de Long, ya kafa gida, ya shiga jerin ma'aikatan da ƙarin girmansu ke tafiya da daɗewa a bakin aiki. Ya hau mataki na gaba a 1638, sannan a 1652 ya kai ga ɓangaren da ke shari'ar manyan laifuffuka. Lokaci-lokaci kuma akan tura shi garin Castres, inda aka kafa wata kotu ta musamman mai haɗe da alƙalai 'yan Katolika da 'yan Furotesta domin raba gardamar da ta shafi ɓangarorin biyu, bayan yaƙe-yaƙen addini da suka ɗaiɗaita ƙasar.

Mutum ne mai harsuna da dama. Ban da Faransanci da harshen yankinsu, ya iya Latin da Girkanci da Italiyanci da Sifaniyanci, har masu gyaran tsofaffin littattafan Girka kan nemi shawararsa. Lissafi kuwa bai taɓa karɓar ko sisi a kansa ba. Abin hutunsa ne idan ya ajiye fayil.

Jami'ar da ke tafiya a cikin wasiƙu

A lokacin babu mujallun kimiyya. Abin da ya tsaya a madadinsu shi ne wani malamin coci a birnin Paris, Marin Mersenne, wanda ke karɓar wasiƙun masana daga ko'ina a Turai, ya kwafe su, ya aika wa waɗanda suka dace. Wani tsohon abokin aikin Fermat, Pierre de Carcavi, shi ya haɗa su a 1636. Daga nan aka fara jin labarin cewa akwai wani alƙali a Toulouse da ke warware tambayoyin da suka gagari mutanen Paris.

Ta wannan hanya ya yi jayayya mai zafi da René Descartes a kan yadda ake gano layin da ke shafar lanƙwasa da kuma yadda haske ke karyewa idan ya shiga ruwa. Ta wasiƙu kuma, a 1654, shi da Blaise Pascal suka warware matsalar yadda za a raba kuɗin da aka zuba idan wasa ya tsaya kafin a kai ƙarshe. Wannan musayar ita ce tubalin ilimin yiwuwar aukuwar abu, wanda a yau masu inshora da masu lissafin fansho ke cin abinci da shi. Mutanen biyu ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba.

Sai dai duk waɗannan ba su ne suka fi jan zuciyarsa ba. Abin da ya fi so shi ne cikakkun lambobi, wato 1, 2, 3 da abin da ya biyo baya, da halayensu, da yadda ake kasa su gida-gida.

Yadda ake kasa lambobi

Kashi na farko shi ne lambar da babu abin da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Irin wannan a Hausance ana iya ce mata gagara-raba. Kishiyarta ita ce haɗaɗɗiya, wadda ake samu ta hanyar ninka ƙananan lambobi, kamar 15 da ke fitowa daga 3 sau 5. Duk wata haɗaɗɗiyar lamba daga gagara-raba aka gina ta, shi ya sa tambayar farko da masani ke yi wa babbar lamba ita ce a wanne gida take cikin biyun.

Akwai kuma kammalalliyar lamba, wadda idan aka tara duk masu raba ta, ban da ita kanta, sai a sake samun ta. Misali 6: masu raba ta su ne 1, 2 da 3, jimillarsu 6. Haka 28, da 496, da 8,128, waɗanda Girkawa suka sani tun kafin haihuwar Annabi Isa ko jim kaɗan bayanta. Sai lambobi aminan juna, kamar 220 da 284: masu raba 220 sun tashi 284, masu raba 284 kuma sun tashi 220. A 1636 Fermat ya sanar da aminai na biyu, 17,296 da 18,416, abin da ya ɗaga sunansa a Paris. Bai san cewa an riga shi ba. Thabit ibn Qurra ya rubuta ƙa'idar nemo irin waɗannan lambobi a Bagadaza tun ƙarni na 9, Kamaluddin al-Farisi kuma ya kai ga waɗannan biyun kansu fiye da shekara 300 kafin Fermat.

Shekarar 1640

Tun zamanin Euclid an san cewa kammalallun lambobi suna da alaƙa da ninkin 2. Idan aka jera 2 sau da yawa aka ninka su da juna, aka cire 1, abin da ya rage ya zama gagara-raba, to daga gare shi za a haifi kammalalliyar lamba. Misali, 2 sau 2 sau 2 ya ba da 8, a cire 1 saura 7. 7 sau 4 kuwa 28. Saboda haka masu farautar kammalallun lambobi suka zuba ido a kan waɗannan ragowar. Wani masanin Italiya, Pietro Cataldi, ya taɓa cewa idan aka jera 2 har guda 37 aka ninka, aka cire 1, za a sami gagara-raba. Lambar ita ce 137,438,953,471.

Gwada ta ta hanyar da aka saba na nufin a yi ta raba ta da gagara-raba ɗaya bayan ɗaya, kuma jerin waɗanda za a iya buƙata ya haura dubu talatin. Fermat ya gano gajeriyar hanya. Ya fahimci cewa duk gagara-rabar da za ta iya raba wannan lamba dole ta kasance ninkin 74 da ƙarin 1. Wannan ya share kusan dukkan jerin. Ta farko da ta cika sharaɗin ita ce 149, ba ta raba ba. Ta biyu 223, ta raba daidai, amsa 616,318,177. A gwaji na biyu maganar Cataldi ta faɗi.

Tushen wannan dabara shi ne abin da ake kira Ƙaramar Ƙa'idar Fermat, wadda ya bayyana a wasiƙarsa ga Bernard Frénicle de Bessy ranar 18 ga Oktoba, 1640. Ana iya ganin ta da ƙaramin misali. A ɗauki gagara-raba 7. A jera 2 guda shida, wato ƙasa da 7 da ɗaya, a ninka: 64. A cire 1: 63. Sai ga shi 7 ta raba 63 daidai. A sake da 3 a madadin 2: a sami 729, a cire 1, saura 728, wato 7 sau 104. Haka abin yake ga kowace gagara-raba da kowace lamba da ba ninkinta ba. Fermat ya faɗi ƙa'idar, ya kuma nuna cewa hujjar tana hannunsa amma tsawonta ya hana shi aikawa. Euler ne ya fara buga hujjarta kusan ƙarni guda bayan haka.

Shekara uku bayan nan Mersenne ya aika masa da 100,895,598,169 yana tambaya ko gagara-raba ce. Amsa ta dawo cewa haɗaɗɗiya ce, 898,423 sau 112,303, kuma dukansu biyun ba sa rabuwa. Ya kuma nuna wata hanyar daban ta fasa babbar lamba, ta neman murabba'ai biyu da bambancinsu ya yi daidai da ita, ya gwada ta a kan 2,027,651,281 ya fito da 44,021 da 46,061. Duk wannan da alƙalami da takarda ne, a tsakanin zaman kotu.

Inda gwani ya yi tuntuɓe

A cikin wannan shekara ta 1640 ne ya faɗi maganar da Euler ya rushe. Jerin lambobin da ta shafa yana da sauƙin bi. A fara da 2. A ninka ta da kanta, 4. A ninka 4 da kanta, 16. A ci gaba haka: 256, sai 65,536, sai 4,294,967,296. A ƙara wa kowace 1, sai a sami 3, 5, 17, 257, 65,537 da 4,294,967,297. Biyar na farko duk gagara-raba ne, kuma Fermat ya tabbatar da haka. Daga nan ya kai ga zaton cewa duk jerin haka yake har abada, wato ya samo rijiyar gagara-raba da ba ta ƙafewa.

Ya rubuta wa Frénicle cewa zuciyarsa ta natsu da wannan zance, amma ya amsa cewa bai kammala hujjarsa ba. Bayan shekara 14 ya sake ɗauko maganar a wasiƙarsa ga Pascal, har yanzu yana da yaƙini, har yanzu hujja ba ta samu ba. Frénicle, wanda shi ma gwanin lissafin manyan lambobi ne, bai musa ba.

Abin da ke ɗaure wa masana kai shi ne makamin da zai kashe zancen yana hannun Fermat. Dabarar da ya yi amfani da ita a kan lambar Cataldi tana aiki a nan ma: duk gagara-rabar da za ta raba 4,294,967,297 dole ta zama ninkin 64 da ƙarin 1. Waɗanda suka cika sharaɗin, a jere, su ne 193, 257, 449, 577 da 641. Gwaji na biyar kenan. Ko da ta doguwar hanya ya bi, 641 ita ce gagara-raba ta 116 a jeri, aikin kwana ɗaya ko biyu ga mutum irinsa. André Weil, wanda ya yi nazarin tarihin wannan fanni a ƙarni na 20, ya yi hasashen cewa Fermat ya yi gwajin, ya yi kuskuren lissafi a wani wuri, bai kuma koma ya sake dubawa ba.

Christian Goldbach ne ya jawo hankalin Euler ga zancen a wata wasiƙa ta Disamban 1729, kuma cikin shekara uku aka gama da shi. Abin da ya biyo baya ya fi haka muni ga hasashen. Lamba ta gaba a jerin, mai alƙaluma 20, ita ma an gano a ƙarni na 19 cewa 274,177 na raba ta. Har zuwa yau, da duk ƙarfin kwamfuta, ba a sami gagara-raba ko ɗaya a jerin ba bayan 65,537. Misalai biyar a jere sun goyi bayan Fermat, duk waɗanda aka iya tantancewa bayansu kuma sun juya masa baya.

Duk da haka jerin bai zama aikin banza ba. A 1796 Carl Friedrich Gauss, matashi Bajamushe da bai cika shekara 19 ba, ya nuna cewa ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida da rula da kamfas kaɗai, abin da Girkawa ba su kai gare shi ba. Dalilin da ya sa 17 ta yiwu, 7 da 11 da 13 suka gagara, shi ne kasancewarta cikin gagara-raba na Fermat.

Annoba, rahoton sirri da hashiyar littafi

A farkon shekarun 1650 annoba ta faɗa wa yankin Toulouse ta kashe jama'a da yawa, har da alƙalai. Fermat ma ya kamu, har wani abokinsa ya rubuta wa wani masani a ƙasar waje a 1653 cewa ya rasu, daga baya ya sake rubutawa yana janye labarin. Ya warke ya koma bakin aiki.

A 1657 ya ƙalubalanci masanan Ingila da na Faransa da wata tambaya: a samo murabba'in da idan aka ninka shi da 61 aka ƙara 1, zai sake ba da murabba'i. Amsa mafi ƙanƙanta tana buƙatar 226,153,980 da 1,766,319,049. William Brouncker ya samo hanyar warware irin wannan tambaya, John Wallis ya rubuta ta, amma Wallis bai ɓoye cewa yana ganin irin wannan bincike ɓata lokaci ba ne. A nan ma an riga Turai, domin Bhaskara na Indiya ya warware misalin 61 tun ƙarni na 12. Ran Fermat ya sosu da ganin cewa fannin da ya fi ƙauna bai sami masu ɗauka ba. Pascal ma ya nuna masa cewa hankalinsa ba ya wajen.

A ofis kuma ba kowa ke yaba masa ba. Wani rahoton sirri da wakilin sarki a lardin ya aika wa minista Jean-Baptiste Colbert a 1663 game da alƙalan Toulouse ya bayyana shi a matsayin mutum mai zurfin ilimi da ke hulɗa da masana ko'ina, amma wanda hankalinsa ke rabe kuma ba ya iya gabatar da shari'a a tsare. Fermat ya ci gaba da zama a kujerarsa har ƙarshen ransa. Ya rasu a Castres ranar 12 ga Janairu, 1665, yana kan aiki, bayan kusan shekara 34 a hidimar kotu.

A tsawon rayuwarsa bai yarda a buga littafi da sunansa ba. Ɗansa Clément-Samuel ne ya tattara abin da ya bari. A cikin kayan akwai kwafin littafin Arithmetica na Diophantus, bugun 1621, wanda mahaifin ya cika gefen shafukansa da hashiya. A 1670 ɗan ya sake buga littafin tare da bayanai 48 na mahaifinsa. Ɗaya daga cikinsu ya zama mafi shahara a tarihin lissafi. Kowa ya san 3 sau 3 da 4 sau 4 sun haɗu sun ba da 5 sau 5, wato 9 da 16 sun zama 25. Fermat ya rubuta cewa idan aka ƙara ninkin ya zama sau uku ko fiye, ba za a taɓa samun cikakkun lambobi uku da za su yi irin wannan daidaito ba, ya kuma nuna cewa yana da hujja amma gefen shafin ya yi mata kaɗan. Masana sun yi ta nema fiye da shekara 350, har Andrew Wiles na Ingila ya kammala hujjar a 1994 da kayan aikin da babu su a zamanin Fermat. A wannan karon alƙalin ne da gaskiya.

Abin da ya rage

Lambobin Fermat ba su tsaya a cikin littattafai ba. Tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda aka ƙirƙiro a 1977 kuma ake amfani da shi wajen tsare hada-hadar banki da shafukan intanet, ya dogara ne a kan faɗaɗa Ƙaramar Ƙa'idarsa da Euler ya yi, da kuma wahalar fasa babbar haɗaɗɗiyar lamba a gano waɗanda suka haife ta. Lambar da aka fi sakawa a cikin buɗaɗɗen makullin wannan tsari ita ce 65,537, gagara-raba ta ƙarshe da aka sani a jerinsa. Ma'aikacin da ke duba shigar albashinsa ta waya yana iya cin moriyarta bai sani ba. Ita kuwa 4,294,967,296, wadda ta gaza lambar da ta kayar da shi da 1 kacal, ita ce adadin adireshin da tsohon tsarin intanet ke iya bayarwa, adadin da ya yi wa duniya kaɗan har aka shiga sabon tsari.

Kusan duk abin da Fermat ya ce ya tabbatar, daga baya an bincika an same shi daidai. Maganar da ta faɗi ita ce wadda tun farko ya ce yaƙini ne kawai yake da shi a kanta, ya kuma rubuta haka da hannunsa ga abokansa. Mutumin da ya shafe shekaru yana neman shaida kafin ya yanke hukunci ya san bambancin abin da ya gamsu da shi da abin da ya tabbatar, kuma wannan bambanci da ya kiyaye shi ne ya tsare masa mutunci a ranar da 641 ta bayyana. Gidan da aka haife shi a Beaumont-de-Lomagne yana nan har yau, an mayar da shi wurin da yara ke zuwa koyon wasa da lambobi.